Wasa 12, nasara 3, kuma fili cike maƙil: daga Lincoln

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da war haka. Ku yi haƙuri da muryata, ihu ne ya dusar da ita. Ginin da kuke hange a bayana shi ne Memorial Stadium, a garin Lincoln na jihar Nebraska a Amurka. Yau Juma'a, 26 ga Nuwamba 2021, kuma yanzun nan aka tashi daga wasan ƙarshe na kakar bana na ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Nebraska. Iowa ta ci mu 28 da 21. Na ce "mu", don wanda ya zauna a garin nan yana karatu, ko ya ƙi ko ya so sai ya tsinci kansa cikin jar riga.

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba, a hannu ake ɗaukarta a ruga, ko a jefa wa ɗan uwa. In ka kai ta ƙarshen fili ka ci maki 6, sai a ba ka damar ƙara 1 ko 2. In ka buga ta tsakanin turaku, maki 3. Saboda haka wanda aka fi da maki 8 ko ƙasa da haka, hari ɗaya tak yake nema ya farke.

To ku riƙe wannan, ku ji yadda kakar ta kasance. Wasa 12 aka buga, an ci 3, an sha kashi a 9. A cikin taran nan, 8 duk tazarar ba ta wuce hari ɗaya ba. Na taran kuwa Ohio State ce, 26 da 17. Cikin takwas ɗin nan akwai Oklahoma, 23 da 16. Michigan State 23 da 20 bayan ƙarin lokaci. Ranar da Michigan ta zo nan da daddare ana kunnen doki 29 da 29, saura ƙasa da minti biyu, ƙwallo ta suɓuce daga hannun Adrian Martinez, mai jefa mana ƙwallo, suka ɗauka suka buga maki 3 suka tafi. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne lissafin gasar Big Ten, wato rukunin jami'o'in da muke ciki: wasa 9, mun zuba maki 239, an zuba mana 239, amma wasa ɗaya kacal muka ci, wanda aka lallasa Northwestern 56 da 7.

Na yau ya fi ciwo. Martinez na jinya, aka sa Logan Smothers, yaron kuma ya yi rawar gani, har muka kai 21 da 6. Wata dattijuwa a gefena, da bargo ja a cinyarta da takardar da take rubuta maki da fensir, tun a lokacin na lura ba ta murna. Ashe ta san hali. Da aka shiga zangon ƙarshe muka zo buga ƙwallo nesa, ɗan Iowa ya tare ta, wani ya cafe ya ruga har ƙarshen fili. Daga nan komai ya kwance. Maki 22 suka jera ba mu ce uffan ba. Karo na 7 ke nan a jere da Iowa ke doke mu.

Ni dai a ganina bai kamata a ɗora wa yaran nan laifi ba. Ɗalibai ne, Litinin za ka haɗu da su a hanyar aji da jaka a baya, wani yana ɗingishi. In kuskure iri ɗaya yana maimaituwa mako bayan mako, musamman wajen bugun ƙwallo da tare shi, to sai a duba masu horarwa. Koci Scott Frost ɗan jihar nan ne, shi ya jagoranci 'yan wasa a fili lokacin da suka ɗauki kambin ƙasa a 1997, shi ya sa ake jin nauyinsa. Amma kaka 4 ke nan bai taɓa gamawa da nasara fiye da rashin nasara ba. A farkon watan nan hukumar wasanni ta jami'ar ta ce zai ci gaba, an rage albashinsa daga dala miliyan 5 zuwa 4, shi kuma ya sallami mataimakansa 4. Galibi sai an ci wasa 6 ake samun gayyatar wasan ƙarshen shekara, rabon Nebraska da shi tun 2016.

Bari in juya kyamara ku ga mutane. Filin nan yana ɗaukar sama da 85,000, kuma tun 1962 ba a yi wasan gida da tikiti ya yi kwantai ba. A bana har sai da masu hannu da shuni suka sayi ragowar tikitin wasan Fordham aka raba wa yara, don kada tarihin ya yanke. Jihar ba ta da ƙungiya a NFL, wato gasar ƙwararru, wannan ita ce tasu, ta ba su kambi 5: 1970, 1971, 1994, 1995, 1997. Manomi zai tuƙo mota tun asuba daga yammacin jihar, da jikokinsa, alhali ya san abin da aka yi makon jiya. A gida da tuni ledar fiya wata ta fara shawagi a kan alƙalin wasa. A nan kuwa akwai al'adar tafa wa baƙi in za su fita daga fili, ko da su suka yi nasara, kuma wallahi wannan ya burge ni ƙwarai.

Masu kasuwa na kwashe kaya, ni ma yunwa ta fara magana. Zan gangara unguwar Haymarket in nemi shayi mai zafi. Masu tambaya ta kan kuɗin haya da aikin ɗalibai a cikin makaranta, shi ne bidiyon mako mai zuwa in sha Allahu. Sai an jima.