Darasi: Yadda Ake Rage Siminti a Kwaɓin Kankare da Gasasshen Yumɓu

Jama'a barkanmu da warhaka. Mai kyamara, ɗan ja baya kaɗan, so nake sikelin nan ya fito. Yauwa, haka.

Yau kwaɓi biyu ne a gabanmu. Na farko kowa ya san shi, siminti zalla, na riga na kwaɓa na zuba, ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Na biyun shi ne aikinmu: za mu cire kashi 30 cikin 100 na simintin, mu cike gurbinsa da wannan jan garin da ke cikin bokiti, wato gasasshen yumɓu.

Wani ɗalibina ya taɓa ce min, wai injiniya, me ya haɗa birkila da ɗumamar yanayi? To, kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan'adam ke saki a duniya daga siminti take fitowa. Ana yin siminti kimanin tan biliyan 4 a shekara, kusan rabinsa a ƙasar Sin. Mutane sun ɗauka wutar da ake hurawa ce duka matsalar, tunda sai tanderu ya kai digiri 1450 kafin kilinka ta fito, wato gasasshen dutsen farar ƙasa da sauran haɗi da ake niƙawa ya zama siminti. A'a. Ko da hasken rana ka gasa shi, shi kansa dutsen farar ƙasa in ya ji wuta sai ya amayar da kabon ɗin da ke jikinsa, kuma wannan kaɗai ya kai wajen kashi 60 na hayaƙin. Saboda haka kilinka ce mai laifin. Duk kilon da ka rage, ka rage hayaƙi.

Shi kuwa yumɓu, digiri 800 ya ishe shi, kuma ruwa yake fitarwa in an gasa shi, ba kabon ba. Masana a jami'ar EPFL ta Suwizalan, tare da abokan aikinsu na Kyuba da Indiya, sun haɗa wani siminti mai suna LC3: kilinka 50, gasasshen yumɓu 30, farar ƙasa 15, jifsum 5 (wani farin dutse ne mai laushi). Yana iya rage hayaƙin har kashi 40. Amma ba kowane yumɓu ba ne fa, sai mai kawolin da yawa a ciki, wato wani farin ma'adini da ake samu a yumɓu.

Kafin ka auna komai, juya buhunka ka karanta. Idan ka ga CEM I, kilinka ce aƙalla kashi 95, shi nake amfani da shi yau. Idan kuma CEM II/B ne, to kamfani ya riga ya rage maka, kilinkar tsakanin 65 da 79 take. Ka sake zaftare kashi 30 a kan wannan, ka kai kanka ka baro.

To, awo. Siminti kilo 7, yumɓu kilo 3, yashi kilo 20, tsakuwa kilo 35. Ruwa rabin nauyin gari, ke nan lita 3 da ra... kai, subhanallahi, ga shi ni ma na faɗa ramin da na zo hana ku faɗawa. Ba da kilo 7 za ka yi lissafi ba, da garin duka za ka yi, siminti da yumɓu a haɗe, kilo 10. Ruwa lita 5.

Amma kada ka zuba 5 ɗin tukuna. Dubi yashin nan, na dunƙule shi a hannu, bai watse ba. Da ruwa a jikinsa. Ɗazu na ɗebi kilo 1 na busar a kan wuta, ya dawo giram 950. Ashe giram 50 ruwa ne. A kilo 20 ka ga lita 1 cur tana ɓoye a ciki. Saboda haka lita 4 zan zuba, sannan in ƙara yashi kilo 1 ya cike abin da ruwan ya cinye. Na san wasu za su ce na cika tsanani. Ku bar ni in maimaita: ruwan da ke cikin yashi ruwa ne, kankare bai san ta inda ya shigo ba.

Ni na fi son in gauraya siminti da yumɓun a bushe har launin ya zama ɗaya, kafin su shiga injin. Wasu sukan watsa komai lokaci guda, ban ce haramun ba ne. Kunna mana.

Kun gani? Ya yi kauri, yana manne wa ƙarfen injin kamar bai sha ruwa ba. Halin yumɓu ke nan, garinsa ya fi laushi, yana riƙe ruwa. A nan ne na taɓa shan kashi. Karona na farko, na juya baya ina amsa waya, wani lebura ya ga kwaɓin ya yi tauri, tsakaninsa da Allah ya tausaya min ya ƙara rabin bokiti. Da aka matse samfurin a injin gwajin ƙarfi bayan kwana 28, ko kusa da ƙarfin da muke nema bai je ba. Wata guda ina zagin yumɓu, ashe ba ruwansa. Maganin kauri shi ne wannan sinadarin sassauta kwaɓi, sufafilastisaiza. Narka shi cikin ragowar ruwanka, zuba kaɗan-kaɗan, ka bi awon da ke jikin jarkar. Ga shi nan ya fara saki.

Da tokar kwal nake aikin nan, da ban sha wannan wahalar ba, don ƙwayoyinta mulmulallu ne, ita ce ma ke sa kwaɓi santsi. Gaskiya na fi jin daɗinta. Sai dai ƙasashe da dama suna rufe tashoshin lantarki masu ƙona kwal, tokar na ƙaranci. Yumɓu kuwa kusan ko'ina akwai shi. Su masu masana'anta suna da tasu hanyar, kamar ta Birebik a Norwe, inda kamfanin Heidelberg Materials ya kafa na'urar da aka tsara ta kama tan 400,000 na kabon a shekara. Wannan ya fi ƙarfin ni da kai.

Gwajin silam, wato auna laushin kwaɓi a cikin mazurari: zubi uku, kowanne suka 25 da rodi. Ɗaga mazurarin sama sak, kada ka karkace. Kwaɓin ya sauka da santimita 7. Madalla, daidai da na farkon.



Kiyub shida, wato ƙananan akwatunan samfuri, zan cika, uku na kwana 7, uku na kwana 28. A kwanakin farko zai ɗan yi nawa, kada ka yi gaggawar cire katako, kuma ban-ruwa kada ya gaza kwana 7, ni har 14 nake kaiwa. Kada wani ya je ya zuba rufin kankare ko fila da wannan awon bai matse samfuri ba, injiniyan aikin bai sa hannu ba. Rubuta kwanan wata a jikin kowanne, ka rufe da leda. Gobe war haka mu kwance su, su shiga tankin ruwa. Mai kyamara, kashe, zo ka kama min wankin injin kafin ya daskare.