Hannun Ƙarfen da Ya Fara Jin Taɓi

Assalamu alaikum, jama'a. Gobe da safe in kun je wajen mai shayi, ku ɗan lura da hannunsa. Wanda nake zama a teburinsa a Fagge yakan kwashi ƙwai uku a hannu ɗaya, ya riƙa fasa su a bakin kofi, alhali idonsa na kan wanda suke musun Kano Pillars da shi. Bai matse ƙwan ya fashe masa a tafi ba, bai kuma yi masa riƙon sakainar kashi ya suɓuce ba. Wa ke gaya masa iya ƙarfin da zai sa? Fatar yatsunsa. A tafin hannun mutum da yatsunsa akwai jijiyoyin taɓi kusan 17,000, kowace tana kai wa ƙwaƙwalwa rahoto: ya fara zamewa, ƙara riƙewa, ya isa haka, dakata.

Yau maganarmu a kan na'urar da ke haɗa ƙwaƙwalwa da kwamfuta ce. Mutum ya yi haɗari, lakarsa ta tsinke a wuya. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, tana ba da umarni kamar kullum, amma hanya ta yanke, saƙo ba ya isa hannu. Sai likitoci su dasa masa wani ɗan faranti a ƙwaƙwalwa, wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa girma ba, mai ɗauke da 'yan allurai kusan 100. Alluran nan suna sauraron 'yar wutar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke fitarwa, kwamfuta kuma ta mayar da ita motsi: kibiya ta yi tafiya a allo, ko hannun ƙarfe ya miƙe.

Da yawa suna ɗauka na'urar karanta zuciya take yi. A'a. Koyo ake yi, kwamfuta na koyon mutum, mutum na koyon kwamfuta. An gano haka tun 1969, lokacin da wani masani, Eberhard Fetz, a Jami'ar Washington ta Amurka, ya jona ƙwayar ƙwaƙwalwa ɗaya tak ta biri da wata mita mai allura. In ƙwayar ta ƙara aiki, allura ta motsa, sai a sakar wa biri ɗan abinci. Ba wanda ya zaunar da biri ya yi masa bayani, ina ma zai ji? Amma ba a daɗe ba ya iya tayar da ƙwayar nan duk sanda ya so. Allurar da yake gani tana amsa masa, ita ce malamarsa.

Duk wanda ya koyi tuƙa babur ya san wannan. Yayanka zai yi ta cewa, “Saki kulochi a hankali, a hankali na ce!” Ka saki, babur ya yi tsalle ya mutu. Maganarsa ba ta koya maka komai ba. Ranar da hannunka ya ji wannan 'yar girgizar, daidai inda inji ke fara kamawa, ranar ka iya.

To ga matsalar. Yawancin waɗannan na'urori, har da ta kamfanin Neuralink da aka fara dasa wa mutum a Janairun 2024, ta ido kawai suke ba da amsa. A 2012 duniya ta kalli bidiyon wata mata, Cathy Hutchinson, wadda shanyewar jiki ta kwantar kusan shekara 15. Ta sa hannun ƙarfe ya ɗauko gorar kofi ya kai mata baki, ta zuƙa, ta yi murmushi. Abin ban tausayi da ban sha'awa. Amma ku kalli yadda hannun ke tafiya, kamar mai takun hawainiya. Ido ɗan aike ne mai nawa, kafin ya kai labari abu ya riga ya zame. Kuma ido ba ya ganin ƙarfin riƙo. Sau da yawa ma yatsun da kansu ne ke kare abin da ake son ɗauka.

In kuna son sanin wahalar rayuwa da ido kaɗai, ga Ian Waterman, wani mahauci ɗan Ingila. A 1971, yana ɗan shekara 19, wata cuta ta lalata masa jijiyoyin da ke sanar da mutum taɓi da inda gaɓɓansa suke, daga wuya zuwa ƙasa. Tsokarsa ƙalau, amma da farko ko zama bai iya ba. Da ƙyar ya sake koyon tafiya, ta hanyar zuba wa ƙafafunsa ido a kowane taku. In aka kashe fitila ba zato, sai ya zube. Ku ƙiyasta shi a garin nan namu, inda ake ɗauke wuta ba sallama.

Shi ya sa masana a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka ce bari a buɗe hanyar dawowa. Mutumin da suka yi aikin da shi sunansa Nathan Copeland, wanda ya yi haɗarin mota a 2004 yana ɗan shekara 18. A 2015 aka dasa masa faranti huɗu: biyu a sashen da ke ba da umarnin motsi, biyu a sashen da ke karɓar taɓin hannu. In yatsan hannun ƙarfe ya taɓa abu, sai a aika 'yar wuta ƙanƙanuwa cikin sashen taɓin, shi kuwa ya ji kamar a hannunsa na jini. Aka ɗaure masa ido, ana taɓa yatsun ƙarfen, yana faɗin wanne ne, kuma galibi yana dacewa. Da wannan hannun ya gaisa da Shugaba Obama a 2016.

Ainihin sakamakon ya fito a mujallar Science a 2021. Aikin mai sauƙi ne: ɗauki abu, kai shi can, ajiye. Da ido kaɗai, daƙiƙa 20.9 yake ɗauka a tsaka-tsaki. Da aka kunna taɓi, ya koma 10.2. Rabi ke nan. Kuma yawancin lokacin da ya ragu na laluben riƙo ne, wannan jinkirin na “na kama ko ban kama ba?” Abin da ya fi burge ni, bai sha wata doguwar horaswa kafin ya amfana ba. Ƙwaƙwalwarsa ta san yaren taɓi tun yana jariri, mai yi mata magana da shi ne ta rasa.

Gaskiya dai, tiyatar ƙwaƙwalwa irin wannan ta yi wa talakanmu nisa. Wadda ta fi kusa da mu ita ce ta hula mai wayoyi, wadda ake kifawa a kai ba yanka, musamman ga masu shanyewar ɓarin jiki, da kusan kowace unguwa akwai su. A 2013, masana a Tübingen ta Jamus suka gwada ta a kan majinyata 32 da hannunsu ya daɗe da mutuwa. An ɗaura wa kowa wata na'ura mai motsa hannu. Kashi ɗaya, sai ƙwaƙwalwarsu ta yi yunƙurin motsi sannan na'urar ke motsa hannun. Ɗaya kashin kuwa, na'urar na motsi ne barkatai, ba ruwanta da niyyarsu. Dukansu sun ci gaba da gashi wajen masu gashin ƙashi. Kashi na farko ne suka fi samun sauƙi, duk da cewa sauƙin ɗan kaɗan ne. Hannun ya motsa a duka biyun, bambancin shi ne na farkon ya amsa a daidai lokacin da aka kira shi.

Shi kansa Copeland ya ce abin da yake ji bai zama sak irin na da ba: wani lokacin dannawa, wani lokacin tsikari ko ɗumi. Wurare ƙalilan ne a hannun ke amsawa, ba 17,000 ba. Ya iya ɗaukar kofi ya juye abin da ke ciki a wani. Ƙwai uku a hannu ɗaya ana musun ƙwallo kuwa, har yanzu sai a Fagge.