Lambar da ke gindin gwangwani: zaɓen harsashin gasa a lokacin ƙarancin kaya

Assalamu alaikum, jama'a masu kallo. Tun bayan shirinmu na baya a kan wasan harbi, tambaya ɗaya ce ta fi yawa a saƙonnin da suka zo mana daga Garwa, Marwa, Ngaundere, har da Njamena. Mutum ya sha wahala kafin ya samu gwangwanin harsashin bindigar iska na kamfanin da ya saba da shi, suna ɗaya, launi ɗaya, nauyi ɗaya, amma da ya tsaya gaban takardar saiti sai ya ga harbinsa ya warwatse, har ya fara zargin cewa jabu aka sayar masa. A mafi yawan lokuta kayan na gaske ne, kuma mai shagon bai cuci kowa ba. Matsalar tana cikin wata 'yar lamba da aka manna a gindin gwangwanin, wadda kusan kowa yake wucewa bai duba ba, kuma a kanta za mu daɗe yau.

Kafin nan, ku dubi wannan takarda da kyau. Ita ce ake harba daga nisan mita 10 a gasar bindigar iska, wadda ta shiga wasannin Olamfik a shekarar 1984. Ɗigon da ke tsakiyarta faɗinsa rabin milimita ne, harsashin kuwa milimita 4.5, nauyinsa kimanin giram 0.53, kuma darma ce zalla, ba shi da albarushi. Ana harbi 60 a zagayen share fage, mafi girman maki a harbi ɗaya shi ne 10.9, wato jimilla 654. Duk kaucewar da ta kai rubu'in milimita daga tsakiya tana rage kashi ɗaya cikin goma na maki, gwanayen duniya kuma sukan wuce 630, wanda ke nufin cewa a matsakaici ramin harbinsu ba ya nisa da tsakiya fiye da milimita ɗaya da 'yan kai. A irin wannan lissafi, bambancin da ido ba ya gani tsakanin harsashi da harsashi ya isa ya sauko da mutum daga na uku zuwa na ashirin.

Dalilin ƙarancin ba zai ɗauke mu lokaci ba. Kamfanonin da ke yin harsashi mai ingancin gasa tsiraru ne: RWS da H&N a Jamus, JSB a ƙasar Cek, Qiang Yuan a Sin, sannan a ɓangaren ƙaramar bindigar mita 50 akwai Eley ta Ingila da Lapua. A shekarar 2020 annobar korona ta rikita masana'antu da jigilar jiragen ruwa, a daidai lokacin da Amurkawa suka yi rububin sayen harsashi iri-iri, sannan yaƙin Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya janye albarushi, wanda harsashin mita 50 yake amfani da shi, zuwa buƙatun sojoji, ya kuma tsadar da makamashi a Turai. Mu a nan muna ƙarshen layi. Kasuwarmu ƙarama ce, dillali ba ya yin oda sai jefi-jefi, kayan kuma sai sun sauka a Duwala, sun hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, kafin su kama hanyar mota zuwa arewa. Saboda haka abin da ya iso shi ake saye, gwangwani ɗaya yau, wani bayan wata uku, ana cewa da babu gara ba daɗi.

To, ga gwangwanaye biyu a kan tebur, kuma zan juya su ku ga gindinsu. Sunan da ke kan murfin ɗaya ne, amma lambobin da ke ƙasa sun bambanta. Wannan ita ce lambar zubi, wato shaidar cewa an fitar da waɗannan ƙwayoyi a inji ɗaya, da ƙarfen siffantawa ɗaya, daga wayar darma ɗaya, a tsakanin lokaci ɗaya. Ana yanka darmar gunduwa-gunduwa a matsa ta a cikin ƙarfen da ke ba ta siffa, kuma wannan ƙarfe yana cinyewa a hankali, ana sauya shi, ana sake daidaita inji, ita kanta darmar tana ɗan bambanta daga wannan kaya zuwa wancan. Sakamakon haka, zubi biyu na kamfani ɗaya za su iya bambanta a faɗin kai, ko a kaurin buje, wato ɓangaren bayan harsashin da ya buɗe kamar buje, ko a nauyi, da abin da bai kai kaurin silin gashi ba. Telolinmu sun san irin wannan: shadda biyu masu suna ɗaya da launi ɗaya, idan ba daga bandir ɗaya aka yanko su ba, sai an fito rana ake gane cewa rinin bai zo daidai ba.

Sai dai a nan ne mutane da yawa suke sake yin kuskure, domin suna jin wannan bayani sai su tambaya, to wace lamba ce mai kyau mu saya? Babu lambar da ta fi kyau ga kowa. Bututun kowace bindiga yana da nasa hali, ko da kuwa kamfani ɗaya ne ya ƙera biyu a rana ɗaya, domin zurfin layukan da ke cikinsa da matsewar bakinsa ba sa zama daidai wa daida. Zubin da ya tara harbi goma a rami ɗaya a bindigar abokinka zai iya buɗewa a taka, kuma babu wanda ya yi laifi. Haka nan adadin da ake rubutawa na faɗin kai, milimita 4.48 ko 4.49 ko 4.50 ko 4.51, jagora ne kawai na inda za a fara nema. Na sha jin ana cewa, bindigata 4.49 take ci, alhali abin da ya faru shi ne wani zubi guda mai wannan adadi ya taɓa dacewa da ita, wani zubin mai adadi iri ɗaya kuma zai iya ba da kunya.

Hanya ɗaya ce ta sanin gaskiya, ita ce gwaji, kuma gwajin yana da ƙa'ida. Kamar yadda kuke gani, an ɗaure bindigar ƙam a cikin ƙarfen da aka kafe a kan tebur mai nauyi, domin a cire hannun ɗan Adam da numfashinsa daga cikin lissafi. An cika tukunyar iska, an rufe ƙofa da tagogi, an kashe fanka, duk da zafin Garwa, wanda kuwa jarrabawa ce mai zaman kanta. Daga kowane gwangwani ana fara harba 'yan ƙwayoyi a banza domin bututun ya saba da sabuwar darmar, sannan a harba goma a wuri ɗaya, a auna faɗin ramin daga gefe zuwa gefe. Ku dubi na hagu, rami ne guda, zagayayye, wanda da kaɗan ya fi faɗin harsashi ɗaya. Na dama kuwa ya yi tsawo, yana da 'yar kunne a sama, kuma wannan kunnen shi ne harbin da zai fito 9.8 a ranar gasa, a lokacin da mai harbi ya rantse cewa ya saki kunamar daidai.

Ina roƙon ku kada ku yanke hukunci da harbi biyar. Harbi biyar sukan taru wuri ɗaya bisa sa'a, ko da zubin ba shi da kirki, shi ya sa ake maimaita rukunin goma sau uku ko fiye ga kowane zubin da ya nuna alamar alheri, sannan a yi masa hukunci da mafi munin rukuninsa. A ganina wannan ne wurin da rowa take cutar da mutum, domin idan harsashi ya yi wuya, zuciya ba ta son ƙona talatin ko arba'in a gwaji, amma gwangwani yana ɗauke da 500, kuma gara a kashe arba'in a san halin sauran da a shiga gasa da dukansu a makance. Wanda ba shi da ƙarfen ɗaurewa yana iya ɗora bindigar a kan buhunan yashi, sai dai ya ƙara yawan rukunin, tunda motsin jikinsa ya shiga ciki.

Idan zubi ya dace, sai a koma wurin dillali da lambar a rubuce, a sayi iya abin da aljihu da takardar izini suka ba da dama daga wannan lambar kaɗai, kafin ta ƙare, domin idan ta ƙare ba ta dawowa. Galibi ana haɗa gwangwani 10 a kunshi ɗaya, kuma masu wasa uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su karɓi lambobi daban-daban, kowa ya gwada duka, sannan a raba bisa abin da bindigar kowa ta karɓa. Wanda ya fi dacewa a ajiye shi don gasa, sauran su tafi atisaye. Abin da ba a yi ko kusa shi ne abin da muka gani a wani hoton bidiyo da ke yawo a WhatsApp, inda aka juye ragowar gwangwanaye uku a kwalba ɗaya don a rage kaya. Daga ranar da aka gauraya su babu mai iya raba su, ko da sikelin maƙerin zinariya.

Hanyarmu ma tana da nata rabon a cikin lalacewar kaya. Bujen harsashin siriri ne, darma kuma taushi gare ta, don haka gwangwanin da ya sha girgiza daga Ngaundere zuwa Marwa ba tare da soso a cikinsa ba yakan iso da ƙwayoyi masu lanƙwasasshen baki. Ku dubi wannan da na ɗora a kan farar takarda, bayansa ya zama kamar ƙwai maimakon da'ira, kuma irinsa atisaye kawai ya dace da shi. A rufe murfi sosai a lokacin hunturu saboda ƙura, a kuma wanke hannu bayan taɓa darma kafin a ci abinci.

Masu harbin mita 50 da harsashin .22, wato ƙaramin harsashi mai albarushi, suna bin wannan ƙa'ida ta lambar zubi, har ma Eley da Lapua suna da wuraren gwaji a Turai da Amurka inda mutum yake kai bindigarsa a gwada mata zubi da dama. Ƙarin abin lura gare su shi ne zafi, domin akwai maiƙo a jikin harsashin, kuma kwalin da aka bari a cikin mota a rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, ba zai yi harbi kamar yadda ya yi ranar gwaji ba.

Duk wannan saye kuwa ta hannun dillali mai lasisi ake yin sa. A Kamaru dokar makamai da harsasai ta ranar 14 ga Disamba 2016 ce take aiki, kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce take ba da izini, don haka a tambayi hukuma abin da ake buƙata ga irin bindigar da mutum yake da ita kafin ya yi oda. A yankin da ya sha fama da rikicin Boko Haram, mai tsaron shingen hanya ba zai tsaya sauraron bayanin wasanni ba idan babu takarda, kuma izinin Kamaru ba ya aiki da zarar an haye gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Njamena. Rasidin dillali ma yana da amfani na biyu, domin a bayansa ne ya fi sauƙi a rubuta lambar zubi, ranar gwaji, da faɗin ramin da kowane gwangwani ya bayar.