Bindigar Ƙanƙara: Yadda Ake Ɗura Ta da Abin da Ke Hana Ta Tashi

Jama'a, ku dubi wannan bindiga da kyau. Doguwar bindigar ƙanƙara ce, wato mai tashi da dutsen ƙyasta wuta, irin ta jihar Pennsylvania a Amurka, wadda maƙeran Jamus da suka zauna a yankin Lancaster suka fara ƙerawa a shekarun 1700. Har yau akwai maƙeran da ke yin ta da hannu, kuma jihar ta ware lokacin farautar barewa bayan Kirsimeti don masu irin wannan bindiga. 'Yar'uwar bindigar toka ce, sai dai cikin bututunta akwai tsagogi masu murɗewa, su ke juya harsashi ya tafi saiti.

Idan maƙeri zai yi wa mutum tasa, sai ya auna tsawon hannunsa daga kafaɗa zuwa kunama, ya sassaƙa ƙota daidai jikinsa. Amma inda ake gane gwani shi ne wurin tartsatsi. Ga ƙanƙara nan, an naɗe ta da fata an ɗaure a bakin guduma. Da an ja kunama sai ƙanƙarar ta kankare wannan farantin ƙarfe kamar ƙyastu, tartsatsi ya zuba a ɗan kaskon albarushi, wuta ta bi wata 'yar kafa ta shiga bututu.

To, ga ɗuri. A bindiga mai faɗin baki rabin inci, yawancin maharba suna zuba albarushi wajen giram 4.5, amma a bi adadin da maƙerin ya faɗa. A zuba a ma'auni tukuna, daga ma'auni zuwa bututu. Kada a kuskura a tsiyaya kai tsaye daga ƙahon ajiye albarushi, domin idan akwai sauran garwashi a cikin bututu, ƙahon ne zai fashe a hannu. Baƙin albarushi kaɗai ake sa mata. Na harsashin zamani yana iya tarwatsa bututun.

Sai a shimfiɗa ƙyallen auduga mai maiƙo a bakin bututu, a ɗora dunƙulen dalma, a tura da sanda har ya zauna daram a kan albarushi. A kula sosai a nan. In aka bar iska tsakaninsu, bututu kan kumbura ko ya tsage. Shi ya sa ake yi wa sandar alama, don kowane ɗuri a ga ko ya kai. Daga ƙarshe a sa albarushi mai laushi a kasko, kusan sulusinsa. Cika shi ba ya ƙara komai sai jinkiri.

In an ja kunama babu tartsatsi, ko dai ƙanƙara ta dakushe, ko maiƙo ya taɓa farantin. A goge, a sassabe bakin ƙanƙarar ko a sauya ta. Baƙar ƙanƙarar garin Brandon na Ingila ta yi suna, an ma daɗe ana kawo ta Afirka ta Yamma. In kuwa kasko ya kama amma bindiga ta yi shiru, yawanci kafar ce ta toshe. Kada a juyo da ita, kada a leƙa bakinta. A ci gaba da nuna ta wurin da aka saita har minti guda, don wani lokaci wutar tana cin hanya a hankali. Bayan nan a tsokace kafar da siririyar waya, a sake zuba na kasko.

Tokar albarushi tana jan danshi, tsatsa kuma ba ta jira. Ranar da aka yi harbi, ranar za a wanke bututu da ruwa har ƙyalle ya fito fes, a busar, a shafa mai, a kwance gudumar da kaskon a goge bayansu.