Jirgin da Nauyin Ruwa Ke Hawa da Shi Kan Tudu

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka. Na can baya kuna ji na? To madalla.

Duk wanda ya taɓa ganin mai lambu yana ban ruwa da jigo ya riga ya gane rabin laccar nan. Guga a wannan ƙarshen, curin laka a wancan, wanda ya fi nauyi ya sauka ya ɗaga ɗan'uwansa. To ku ɗauki tarago biyu ku ɗora a kan dogo a jikin tudu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ku haɗa su da igiyar ƙarfe guda wadda ta zagaya ta kan wili a can ƙololuwa. Kowane tarago da tankinsa a ƙarƙashi. A cika tankin na sama. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan lita 3,000 tan uku ne, sun rinjayi mutum arba'in masu kilo saba'in-saba'in. Na sama ya gangaro, na ƙasa ya hau. Ba inji, ba mai.

Kada ku ce tatsuniya nake. A Braga ta ƙasar Fotugal akwai irinsa tun 1882, yana kai masu ziyara cocin Bom Jesus, har gobe da ruwa yake aiki.

Tayar da shi ba wuya, tsayar da shi ne aiki. Igiyar nan ita ma tana da nauyi. Da farko duk tana ɓangaren taragon da ke ƙasa, tafiya na tafiya sai nauyinta ya riƙa komawa wajen mai gangarowa, gudu ya yi ta ƙaruwa. Shi ya sa da yawansu aka shimfiɗa musu ƙarfe mai haƙora a tsakiyar dogo, irin wanda Niklaus Riggenbach ɗan Suwizalan ya ƙirƙiro, birki ya riƙa cizawa a nan. Direba ba ya tuƙi, birki kawai yake riƙewa.

Yanzu ga tambayar da ta kawo ni. Ruwan da ya sauka ya sauka, wa zai kai wani sama? In ka ce ba ruwanka, jirginka ma ba ruwansa. (Dariya.)

A Wiesbaden ta Jamus, wanda aka buɗe a 1888, tankinsa na cin lita 7,000. In ya iso ƙasa sai a juye, a sa famfo ya mayar da ruwan sama. Ni a ganina wannan inji ne aka ɓoye a bayan ɗaki. Ga shi lokacin hunturu rufe shi ake yi, don ruwa daskarewa yake.

A Ingila, tsakanin Lynton da ke kan dutse da Lynmouth da ke bakin teku, sun fi sa'a. Tun 1890 suke jawo ruwa da bututu daga kogin West Lyn, daga inda ya fi tashar sama tudu, ya iso da kansa. Hawan ya kai mita 150. Dabararsu kuma daban: tarago biyun duka a cike suke, na ƙasa ne zai riƙa zubarwa har na sama ya rinjaye shi. In masu sauka sun yi yawa, ruwa kaɗan za a zubar.

Amma wanda ya fi burge ni na Fribourg ne a Suwizalan, na 1899. Garin hawa biyu ne, unguwa a kan tudu, unguwa a bakin kogi. Suka duba suka ga akwai ruwan da kullum dole ya gangara, ko an so ko an ƙi: ruwan ƙazantar gidajen sama, na wanka da na bayan gida. Sai suka jona tankin jirgin da magudanar. A sama a ɗura masa kimanin lita 3,000, a ƙasa ya juye cikin magudana, ruwa ya ci gaba da tafiyarsa. Ba a taɓa ruwan sha ba, ba a tare kogi ba, kuma muddin da mutane a saman nan, ba rani ba damina. Tafiyar ba ta wuce mita 120 da 'yan kai ba, amma ba don 'yan yawon buɗe ido aka yi shi ba, don ma'aikata masu hawa da sauka kullum ne.

Wari? Eh, yana ɗan busowa lokacin ɗuri, ba zan ɓoye muku ba. Duk da haka, da ya lalace a 1996 aka fara maganar rufe shi, mutanen gari suka ce ba su yarda ba. Aka gyara shi yadda yake, ya dawo aiki a 1998.

Na ga shugaban zama yana nuna mini agogo. Malam, a ba wancan da ya ɗaga hannu tun ɗazu makirfo.