Penghulu: Sarautar da Ɗa Ba Ya Gada

A yammacin tsibirin Sumatra, can ƙasar Indonesiya, akwai al'ummar Musulmi da ake kira Minangkabau. A wurinsu, idan mai sarauta ya rasu, ɗansa na cikinsa ba ya cikin masu jiran gado. 'Ya'yan 'yar'uwarsa ake dubawa.

Dalili kuwa, ta wajen uwa suke lissafin dangi. Gonakin shinkafa na gado, da babban gidan zuriya mai rufi kamar ƙahon ɓauna, wato rumah gadang, daga uwa suke sauka zuwa 'ya mace. Amma mai magana da yawun zuriyar namiji ne, ɗaya daga cikin kawunnai. Shi ake kira penghulu, laƙabinsa kuma Datuak.

Ku dube shi ranar naɗi: baƙaƙen kaya, ɗauri a ka, wuƙar keris a ƙugu, an yanka ɓauna an ciyar da gari. Sai ka ɗauka mai cikakken iko ne. Ina! Su da kansu cewa suke, taki ɗaya kawai aka sa shi gaba, reshe ɗaya aka ɗaga shi sama. Ƙasar zuriya amana ce a hannunsa. Ba ya sayarwa, ko jingina sai dangi sun yarda, kuma sai an shiga matsi na gaske, kamar gawa tana kwance ba abin jana'iza, ko rufin gidan gado yana yoyo. Wannan ne ya fi burge ni a tsarin.

Sasanta rigima, shiga maganar aure, zama a majalisar gari (garin suke kira nagari), duk nasa ne. Hatta daɓen zauren majalisar yana nuna wanda ake bi cikin tsarin al'adarsu guda biyu: a tsarin Koto Piliang akwai wurin zama mai tudu don manya, a na Bodi Caniago kuwa daɓen bai ɗaya ne.

Sarautar ta sha gwagwarmaya. A Yaƙin Padri, wanda ya soma a 1803, malamai masu neman gyara sun gwabza da masu sarauta, kafin a daidaita a kan cewa al'ada ta jingina da Shari'a, Shari'a ta jingina da Littafin Allah. Dokar ƙauyuka ta 1979 ta kawar da nagari daga tsarin mulki, sai wajen 2000 lardin Sumatra ta Yamma ya dawo da shi.