Amsoshin Tambayoyinku: Dattawan da Ba Su da Rawani

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu kuma da sanyin Jos, wanda yau kam ya sauko da ƙarfinsa. Ga mu a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku na ware wa shirin yau.

Ta farko daga wani matashi ce a Unguwar Rogo. Ya ce wata huɗu ke nan da aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar samarin layinsu, masu aikin gayya na yashe kwata da sintirin dare. Ga abin da ya rubuto: "Malam, ina da digiri, ina da tsari a rubuce, amma in na kira taro ko mutum goma ba sa cika. Akwai kuwa wani tsoho mai gyaran keke a bakin layinmu, shi ko gyaran murya ya yi sai samari su taru. Wane horo zan nema?"

To ƙanena, horon da kake nema yana nan bakin layinku, zaune kan benci. Sai dai kada ka je ka ce masa, "Baba, koya mini shugabanci." Murmushi zai yi, ya ce shi wa, me ya sani. Irin waɗannan bayin Allah ba su saba bayyana abin da suka iya da baki ba. Ka je ka gaishe shi, ka riƙe masa taya in yana faci, ka zuba ido.

Bari in ba ka labarin wadda ni na gani da idona. Mahaifiyata tana da rumfar atamfa a babbar kasuwar Taminus, wadda a da ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Mutanen Jos ba za su manta watan Fabrairun 2002 ba, lokacin da gobara ta cinye ta, watanni kaɗan bayan rikicin Satumban 2001, tun mutane ba su gama farfaɗowa ba. A layin su Innata akwai wata tsohuwa, ita ce uwar adashinsu. Ba ta yi boko ba, lissafinta a ka yake, amma ba a taɓa jin kwabo ya yi ciwon kai a hannunta ba. Da wutar nan ta ci, kusan duk matan da ke zubi sun tashi ba uwar kuɗi ba riba, kuma kwasar da ke tafe tata ce, ita uwar adashin. Ita ma rumfarta ta zama toka.

Ta tara su a tsakar gidanta a Gangare. Ina yaro, ni na riƙo wa Inna jaka, shi ya sa na shaida. Ta zazzage kuɗin a kan tabarma, ta ce ta mayar da kwasarta ƙarshe, a ba wance, domin ita kayan bashi ne suka ƙone mata, masu kaya kuma suna hanya. Babu wadda ta yi musu. Wa zai yi musu da wadda ta fara cire nata hannun daga kwano?

Abin da ya fi taɓa ni kuwa sai bayan ta rasu muka ji shi. Ashe mata uku sun kasa zubi har na tsawon watanni, ita ce take cikewa, har sai da ta sayar da 'yan kunnenta na gwal. Kullum kuɗi suna fitowa cif, babu wadda ta san akwai giɓi, ballantana ta san wace ce ta gaza. Da dare take bin su gida ɗaya bayan ɗaya, ta ce a kawo abin da ya samu. Su ukun ne da kansu suka faɗa a zaman makoki, suna kuka. Har yau in na tuna matar nan sai in ji idona ya kawo ruwa. Allah Ya jiƙanta.

Yanzu ƙanena, ka tambayi kanka tsakaninka da Allah. Ranar yashe kwata, kana ciki da shebur, ko kana gefe da rajista kana duba wanda bai zo ba? In wani bai biya kuɗin wata ba, kana karanta sunansa a gaban taro? Hausawa sun ce babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa a kansa yake zubawa, kuma juji ba ya tona abin da aka zuba masa. Ina kyautata zaton tsohon nan naku ya sha gyara wa yaran nan keke bashi tun suna 'yan firamare, ya sha tashi tsakar dare ya raka uban wani ofishin 'yan sanda karɓo beli, ya sha shiga gaba wajen nema wa maraya aure. Shekara da shekaru yana wannan zubin, yau yake kwasa. Kai wata huɗu ka yi. Ka dakatar da kiran taro na mako biyu, ka bi samarin nan wuraren sana'arsu, ka ji abin da ke damun kowa. Digirinka kuma kada ka raina shi, zai yi rana wajen rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma da riƙe asusu, abin da Baba ba zai iya muku ba.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Bukur. Ta ce: "Kullum kuna cewa a bi manya. Kawun maigidana ya haura saba'in, amma duk gidan da ya shiga sulhu sai ya bar sabuwar wuta, ya kwashi maganar nan ya kai can. Shi ma dattijo ne?"

Hajiya, tsufa daban, dattako daban. Shekaru kowa Allah Ya ja kwanansa zai same su. Ki gaishe shi da ladabi, ki kai masa tuwo, ki ba shi girmansa na kawu, wannan haƙƙinsa ne. Amma sirrin ɗakinki ba ya cikin haƙƙinsa. In kina neman wanda za ki kai wa kuka, ki duba wa mutanen unguwa suke bar wa ajiya in za su yi tafiya, wa kuma masu faɗa biyu suke yarda da shi tun kafin ya buɗe baki. Ko a kasuwar Farin Gada, in manomi da dillali suka sa zare kan kwandon tumatir, ba wanda ya fi kowa furfura suke nema ba, wanda ba a taɓa kama shi da algus ba suke kira.

Ta ƙarshe daga wani ɗalibi ce a Rikkos, yana tambaya ko gaskiya ne akwai wani tsoho a jihar nan da ya ɓoye Kiristoci a masallaci.

Gaskiya ne, ɗana. Sunansa Malam Abubakar Abdullahi, wanda a wancan lokacin shi ne limamin ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barkin Ladi. Za ka ce ai liman muƙami ne. Haka ne, amma limancin ƙaramin ƙauye, wanda kafin ranar ko a cikin Jos ba kowa ya san sunansa ba. Ranar 23 ga Yuni, 2018, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan yankin, mutane suka gudo neman mafaka. Yana da shekara 83 a lokacin. Ya shigar da mata cikin gidansa, maza kuma cikin masallaci, mutum 262. Da maharan suka iso suka nemi ya fito da su, ya tsaya a waje ya ƙi, ba makami a hannunsa, yana roƙonsu, har ya miƙa ransa a madadin na baƙinsa. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo kan 'yancin addini. Da 'yan jarida suka tambaye shi dalili, cikin abin da ya ambata akwai cewa fiye da shekara 40 da suka wuce Kiristocin yankin ne suka bar Musulmi suka gina wannan masallacin. Bai manta ba. Ka je ka tambayi mutanen Barkin Ladi da ke kawo dankali kasuwa, za su ba ka labarin fiye da yadda na bayar.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya daga Dilimi kan rabon gado tsakanin 'yan uba, wasiƙarka ta iso, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.